Abokina ya yi mota da barkwanci, ni ina nan ina auna yadi a Kwari

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, haifaffen cikin birnin Kano. Shekara shida ke nan ina tsaron shagon kawuna a Kantin Kwari, muna sayar da shadda da atamfa. Lokacin kullen korona na 2020, ni da wani abokina na ƙuruciya muka fara ɗaukar 'yan gajerun bidiyo na barkwanci da waya muna sakawa a intanet, don dai mu rage zaman banza. Da aka buɗe gari ni na koma kasuwa, shi kuma ya ajiye ɗinkin da yake yi ya rungumi harkar. Yau mabiyansa sun ninka nawa sau ashirin, ya sayi mota, 'yan siyasa na kiransa Abuja. Ba yabon kai ba, yawancin abin da muka fara ba mutane dariya da shi ni nake ƙirƙira. Har yanzu ina yin nawa jefi-jefi, ina fitowa a matsayin wani ɗan kamasho na kasuwa, kuma 'yan Kwari suna so ƙwarai.

Yanzu wani mai kamfani ya neme ni. Zai riƙa ba ni naira 150,000 duk wata har shekara biyu, in bar kasuwa, duk abin da muka ɗauka a saka a tasharsa ta YouTube, sunan da nake fitowa da shi kuma ya zama na kamfani. Kawu kuwa ya ce baɗi zai ware mini jari in buɗe nawa. Mahaifina ya ce in dubi yadda tsofaffin 'yan wasa ke ƙarewa ana tara musu kuɗin magani. Mahaifin yarinyar da nake nema ya aiko cewa ba zai ba wawa 'yarsa ba. Ni kuma in na tuna marigayi Ibro ya bar aikin gwamnati ya zama abin da ya zama, sai in ga kamar tsoro ne kawai ke riƙe da ni. Har na fara ƙin ɗaga wayar abokin nawa, don in na gan shi raina ɓaci yake yi. Yaya, in sa hannu ko in haƙura?

Wani matashi, daga cikin birnin Kano.

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar tambayarka ta ƙarshe ba ta da tsawo: wannan takarda, a yadda ka bayyana ta, kada ka sa mata hannu. Amma kada ka ɗauka na ce ka haƙura da barkwanci. Abu biyu ne daban, kai ne ka ɗaure su da igiya ɗaya saboda motar abokinka ta tsaye maka a rai.

Na lura kowa a cikin wasiƙarka yana da ɗan wasan da yake kafa hujja da shi. Kai kana da Ibro, Baba yana da tsofaffin da ake tara wa kuɗin asibiti, zuciyarka kuma tana da abokinka. Kowannenku ya yanki tsakiyar rayuwar wani ko ƙarshenta ya riƙe, ya bar sauran. To tunda kwatance ake yi, mu yi shi da kyau, mu ɗauki rayuwar mutum tun daga tushe.

Mu fara da Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ne ɗan ƙauyen Ɗanlasan ne ta wajen Warawa, gaskiya ne ya yi aikin gandiroba na shekaru kafin fim ya ɗauke shi gaba ɗaya, kuma har yau ba a yi ɗan barkwancin da sunansa ya shiga gidajen Hausawa kamar nasa ba. Akwai lokacin da in aka rubuta Ibro a jikin kaset, an gama talla. Amma ka ci gaba da karanta labarin. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu kan zargin kamfani marar rajista da fim ɗin da bai bi ta hannun hukuma ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kulle wasu, shi aka kulle. Sannan ya rasu a watan Disamba na 2014, bai ma kai shekara 45 ba. Ban faɗi wannan don rage masa daraja ba, ni kaina in na gaji da duniya tsofaffin finafinansa nake nema. Abin da nake so ka gani shi ne, Ibro guda ɗaya ne, a zamanin da kasuwar kaset da faifai ke ci, kuma ko shi hanyar ba ta miƙe masa sumul ba. Nawa ne suka ajiye sana'arsu a shekarun nan suka bi sahunsa? Ba ka san sunayensu ba, shi ya sa ba su shigo lissafinka ba.

Sai hujjar Baba. Ita ma ba ƙarya ba ce. Duk wanda ya girma yana kallon Karkuzu na Bodara ya ji ciwo a ransa da ya ga dattijon nan a Jos, ido ya tafi, ba muhalli, har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida kafin rasuwarsa a 2025. A Kudu ma haka aka ga Mista Ibu, wanda ya cika gidajen Najeriya da dariya, yana kwance a gadon asibiti a 2023 yana neman taimako, aka yanke masa ƙafa, ya rasu a watan Maris na 2024. Idan uba ya kalli waɗannan ya juyo ya kalli ɗansa, abin da ke bakinsa ba raini ba ne, tsoro ne. Sai dai tambayar da ya kamata ku yi, kai da shi, ita ce: me ya sa mutumin da miliyoyi suka sani zai rasa kuɗin magani? Dariyar da ya bayar ba ta ƙare ba, har gobe ana kallo. Kuɗin kallon ne ba ya zuwa aljihunsa, domin ranar da aka ɗauki aikin an sallame shi, aikin kuwa ya zama na wani.

A nan ne takardarka ta shigo, kuma a nan zan daɗe, don shi ne gishirin maganar.

Akwai wasu 'yan barkwanci biyu da suka yi tashe a Amurka a zamanin finafinai marasa magana. Na farko Charlie Chaplin, mai ɗan gashin baki da sanda da ƙaton takalmi, wanda 'yan kallo a nan ke ce wa Cali. An haife shi a Landan a 1889 cikin talaucin da ya wuce misali, ya zauna gidan gajiyayyu yana yaro, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali. Wataƙila wannan yunwa ce ta koya masa lissafi, domin da ya samu suna bai tsaya kan albashi ba. Ya gina wurin ɗaukar fim nasa na kansa, a 1919 kuma shi da wasu mutum uku suka kafa kamfanin United Artists don su riƙa rarraba aikinsu da hannunsu. A 1952 gwamnatin Amurka ta hana shi komawa ƙasar saboda zarge-zargen siyasa. An raba shi da ƙasar da ya yi suna, amma ba a iya raba shi da finafinansa ba, don nasa ne. Ya koma Siwizalan ya zauna cikin wadata har ya rasu a 1977 yana da shekara 88.

Na biyu Buster Keaton, mai fuskar da ba ta murmushi. Masana fim da yawa suna ganin a gwaninta bai gaza Cali ba, wasu ma sun fifita shi. A 1928 aka kawo masa irin tayin da aka kawo maka, sai dai nasa da kuɗi masu nauyi: ya bar 'yancin da yake aiki da shi ya shiga ƙarƙashin babban kamfanin MGM, a riƙa ba shi albashi. Cali da kansa ya gargaɗe shi. Ya sa hannu. Daga nan wasu ne ke zaɓar masa labari, wasu ke ce masa ga yadda za a ba da dariya. Ya faɗa shaye-shaye, aurensa ya mutu, a 1933 kamfanin ya kore shi. Daga baya har ya koma wannan kamfani yana ƙirƙira wa wasu 'yan wasa abin dariya a kan ɗan albashi. Shi da bakinsa ya kira wannan sa hannu kuskure mafi girma a rayuwarsa. An dawo an karrama shi kafin ya rasu a 1966, amma shekarun ƙarfinsa sun riga sun tafi a gonar wani.

Baiwa ɗaya, zamani ɗaya, gari ɗaya. Abin da ya raba su takarda ce. Hausawa sun riga sun gama maganar da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma ka ɗauka mallaka kaɗai ta isa. Baba Sala, uban 'yan barkwancin ƙasar Yarabawa, fim ɗinsa ne na kansa ya ci bashi ya shirya a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi suka cika kasuwa, bashin ya durƙusar da shi shekara da shekaru. Shi ya mallaki aikin, amma ya zuba duk abin da yake da shi a tukunya ɗaya. Don haka abu biyu nake dubawa in ina auna rayuwar ɗan wasa: aikin na wa ne, kuma me yake taka a ƙasa ranar da wasan ya tsaya. Tayin mai kamfanin nan yana so ya karɓe maka duka biyun a rana ɗaya. Zai ɗauki sunan ɗan kamashon da ka ƙirƙira, ya kuma fitar da kai daga Kwari ana saura shekara guda a sallame ka.

Ka yi lissafin da kanka, ai ɗan kasuwa ne kai. Naira 150,000 sau wata 24 ta kama miliyan 3 da dubu 600. Ka cire abinci, ka cire kuɗin mota, ka cire hidimar gida, ka tuna yadda naira ke narkewa a hannu. Ranar da wata na 24 ya cika me ya rage? Bidiyoyin suna tasharsa suna ci gaba da kawo masa kuɗi, kai ko sisi. Sunan nasa ne, in ya so ya sa wani yaro ya ci gaba da fitowa da shi, in ka yi amfani da shi kuma ya kai ka kotu. Shagon kawu an sa wani. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Ban ce mutumin macuci ba ne. Ɗan kasuwa ne, ya ga haja mai kyau ya taya da araha, kamar yadda kai ma za ka taya dilar shadda. Abin da tayin nasa ya tabbatar mini shi ne hajarka tana da daraja, don ba wanda ke neman mallakar sunan da ba ya kawo kuɗi. Wanda aka taya kuwa yana da damar cewa albarka.

Saboda haka kada ka rufe ƙofa, ka koma masa da naka farashin. Ka nemi ya ba ka yarjejeniyar a rubuce, ka kai wa lauya ya karanta maka ita layi-layi. Kuɗin da za ka ba lauya bai kai ribar turmi kaɗan ba, kuma kada ka yarda da lauyan da shi ya kawo. Ka ce masa sunan ɗan kamasho naka ne, aro za ka ba shi. Ka ce a fara da wata shida, a biya ka kan kowane shiri, da wani kaso na abin da tashar ta samu daga bidiyon da ka fito, kuma a riƙa nuna maka lissafin da idonka. Ka ce kana da ikon ƙin duk labarin da bai kwanta maka ba, kuma ba za a hana ka saka naka a shafinka ba. In ya amince da rabin wannan, abokin hulɗa ne. In ya ce ko duka ko babu, ka san sunan yake so, ba kai ba.

A gefe guda ka gyara naka gidan. Ka buɗe tashar YouTube da imel ɗinka da lambar wayarka, kada ka bar wa kowa makullinta, ko da wanda ke tace maka bidiyo ne. Ƙa'idar da aka fi sani kafin su fara raba kuɗin talla da mai tasha ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma mai irin jama'arka zai iya kaiwa in ya dage. Ka yi wa sunan rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Ka je Hukumar Tace Fina-finai ka tambayi abin da ake buƙata daga masu irin aikinka, ka cika, kada ka jira sai an aiko. Kano ce nan. Ka tuna a watan Nuwamba na 2022 kotun majistare ta sa an yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. Ko mutum na ganin hukuncin ya yi tsauri, shari'ar ta riga ta faru, kuma bayan da aka zane ba na mabiyansu ba ne.

Yanzu maganar Kwari, wadda kake kallo kamar kurkuku. Ni ina ganin rijiyarka ce. Ka san Samanja, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023 bayan ya haura shekara 80? Abin da ya sa wasansa ya zauna a zukatan mutane shi ne soja ne na gaske. Ya san bariki, ya san Hausar bariki, ya san yadda kurtu ke rawar jiki gaban na sama da shi. Bai ƙirƙiro ba, ya ɗebo ne. Haka Johnny Lever na finafinan Indiya, wanda duk ɗan Kano da ya taɓa shiga sinimar Plaza ko Marhaba ya san fuskarsa: ya sayar da biro a titunan Bombay, ya yi aiki a kamfanin Hindustan Lever yana kwaikwayon manyansa, har sunan kamfanin ya bi shi. Kai me ya sa 'yan Kwari ke son ɗan kamashonka? Saboda kullum kana ganin na gaskiya, yadda yake tare baƙo tun daga bakin titi, yadda yake rantsuwa kan leshin da bai san kuɗinsa ba, yadda yake ƙifta wa mai shago ido. Ranar da aka zaunar da kai a ofis aka ce ka kawo bidiyo uku kowane mako, wata huɗu ya isa rijiyar ta ƙafe, ka koma irin abin da kowa ke yi: a ɗaura zani, a yi faɗan kishiya, a zuba wa wani ruwa. Af, kuma kada yawan sakawa ya ruɗe ka. Shirin Mista Bin na talabijin da duniya ke kallo tun 1990 kashi 15 ne kacal, mai yinsa kuma sai da ya yi digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a Oxford.

Kawu yana da haƙƙi a kanka, kai ma kana da shi a kansa. Shekara shida ba kwana shida ba ce. Ka same shi a gida, ba a shago ba, bayan isha'i in ya huta. Ka gaya masa an yi maka tayi ka ƙi saboda alkawarin da ke tsakaninku, sannan cikin ladabi ka nemi sanin watan da yake nufi da baɗi, da kuma yadda sallamar za ta kasance, kuɗi ne ko kaya. Mun sha ganin baɗin da ta shekara biyar ba ta zo ba, don haka yana da kyau Baba ya san da maganar, ta zama ta manya. Ka roƙe shi yini ɗaya a mako na ɗaukar bidiyo. Kuma ka nuna masa abin da bai lura da shi ba: yaron da dubban mutane ke kallo yana tsaye a shagonsa kyauta. Bidiyo ɗaya da aka ɗauka gaban kantar shadda, da lambar shago a ƙasa, zai iya kawo kwastoma daga Maraɗi ko Yola. In ya ga ciniki ya motsa, shi zai riƙa tambayarka yaushe za a ɗauki na gaba.

Baba kuma ba gardama yake buƙata ba. Kada ka je masa da labarin Cali, ba zai saurara ba. Ka ce masa ka ji maganarsa, ba za ka bar kasuwa ba, kuma ka ƙi sayar da sunanka ne saboda kada ka ƙare kamar waɗanda ya ambata. Ka zaɓi bidiyo biyu mafi tsabta ka nuna masa. In ya yi dariya, kada ka ce komai, ka bar shi da ita.

Batun surukinka ya fi laushi, a bi shi a hankali. Kalmar da ya yi amfani da ita ta yi zafi, na sani, amma ka fahimci inda ta fito. Al'adarmu tana son dariya, ba ta cika son haɗa jini da mai ba da ita ba. Muna da 'yan kama da 'yan gambara, muna da wawan sarki da ke faɗin abin da hakimi ba zai iya faɗa ba, muna fita kallon tashe da Nalako da gwagwarensa duk azumi, Bakano da Bazazzagi su haɗu su yi ta tsiya. Duk da haka in aka zo maganar aure sai a tambayi asali da sana'a. Ƙari a kan wannan, dattijon yana jin abin da ake faɗa kan 'yan TikTok, ya haɗa ku a kwando ɗaya. Ba kai za ka je ka wanke kanka ba. Kawu ne ya dace ya je, ko wani babba da yake jin nauyinsa, a ce masa yaron nan ɗan kasuwa ne, shekararsa shida a hannunmu, ga lokacin da za a buɗe masa shago, wasan da yake yi kuma ga shi a duba, babu zagi, babu shigar mata, babu taɓa malamai. Wannan sai in gaskiya ne fa. In akwai wani tsohon bidiyo da kai kanka ba za ka so 'yarka ta gani ba wata rana, ka sauke shi tun kafin a tono maka.

Amma akwai wadda ban ji muryarta a wasiƙarka ba ko sau ɗaya, ita yarinyar. Ka tambaye ta? Ita za ta zauna da mijin da ake tsayarwa a hanya ana ɗaukar hoto, ita za ta ga abin da 'yan mata ke rubuto maka, ita ƙawayenta za su tsokana. Wata tana jin daɗin wannan, wata ba za ta iya ba. Kada ka yi mata alkawarin za ka daina alhali ka san ba za ka daina ba, don a samu a ɗaura aure. In mahaifinta ya kafe duk da an bi ta hanyar manya, to nan ne za ka zauna ka auna wanne ya fi maka, ka yi istihara, kuma duk wanda ka zaɓa kada ka ɗora wa ɗayan laifi daga baya.

Na bar abokinka a ƙarshe da gangan, don ina ganin shi ne ainihin ciwon. Ba don motarsa ba, da tayin nan ko kallo bai ishe ka ba. Ka yi jarumta da ka faɗi cewa ranka na ɓaci in ka gan shi, mutane da yawa sai su kira abin da wani suna. Ba zan lallashe ka da cewa wataƙila motar bashi ce ko ta wani ɗan siyasa ce ba. Mai yiwuwa tasa ce halak malak, kuma guminsa ne. Kai ka kawo basira, shi ya kawo kasada: ya ajiye keken ɗinki a lokacin da ba wanda ya san abin zai yi kuɗi, ya jure kwanakin da ba ko sisi. Wannan ma jari ne. Abin da ba ka sani ba shi ne cikin littafinsa, nawa ke shigowa, nawa ke fita, tashar tasa ce ko ta wani, me zai faru da kiran Abuja ranar da zaɓe ya wuce ko ubangidan ya faɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shekararsa biyar kacal a harkar, Keaton kuwa a shekararsa ta biyar yana saman duniya. Ba fatan sharri nake masa ba, cewa nake labarinsa bai kai inda za a yi kwatance da shi ba, naka ma haka.

Ka ɗaga wayarsa. In ma ya gaji da kira, kai ka neme shi, ku je ku ci tsire ku yi hira irin ta da. Ka nuna masa takardar mai kamfanin, don ya fi ni sanin mutanen harkar, wataƙila ma ya san wanda aka taɓa yi wa irin wannan tayi da yadda ta ƙare. In zancen wanda ya ƙirƙiri abubuwan farko yana ci maka rai, ka faɗa masa sau ɗaya, cikin raha, ka wuce. Sannan ka kawo shawarar ku yi bidiyo tare, a saka a shafukanku duka biyu. Shi yana buƙatar sabon labari, duk mai sakawa kullum yana cikin wannan yunwa, kai kuma kana buƙatar idon jama'arsa. In ma rubuta masa za ka riƙa yi yana biya, sana'a ce, kuma ba ta hana tsaron shago.

Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da barkwanci ya kawo maka, na talla, na YouTube, na gayyatar biki, da duk abin da ya ci, har kuɗin data da na mai riƙe kyamara. In Allah ya sa ka buɗe shagonka, kuma littafin ya nuna wata shida a jere wasan yana ɗaukar nauyin gidanka ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba, sai ka sa ƙaninka a shago ka ƙara wa wasan kwanaki. In bai nuna ba, ka ci gaba da yini ɗayanka a mako, ba ka yi asarar komai ba.

Ka rubuto mini bayan ka zauna da kawu, ina so in ji watan da ya ambata. Ka haɗo da bidiyon ɗan kamashon nan, don akwai wani da ya taɓa sayar mini da shadda a bakin Kwari yana rantsuwa ba ta zuba, wanki ɗaya ta koma kamar tsumman goge tukunya. Ina so in ga ko shi ka kwaikwaya.